Ɗigon Baƙin Mai a Ƙarƙashin Motar Baba

Inna ce ta fara gano matsalar. Ta fito shara da safe, ta sunkuya ta kore kajin da suka saba laɓewa a ƙarƙashin motar Baba, sai ga wata farar kaza ta fito da baƙin tabo a gadon bayanta. Inna ta zaci ciwo ne, ta kama ta ta shafa wurin, hannunta ya yi baƙi ƙirin. Da na shigo gaishe su kafin in wuce makaranta, ta miƙo min tafin hannun ta ce, "Shinshina ka ji. Motar babanku ta fara fitsarin kwance."

Motar fara ce, ƙirar Faransa, irin mai dogon bayan nan da ake ɗaure wa kaya a rufi, giyarta a jikin sitiyari. Tun ban shiga firamare ba Baba ya saye ta, kuma da ita ya riƙa jigilar mutane tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Basirka a ranakun kasuwa. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai mu makaranta, da ita aka kai ƙannena mata ɗakunansu. Ba ya yarda kowa ya buɗe mata bonat in ba shi ba, ko wani amininsa bakanike da ke Gwaram.

Sai wata damina hawan jini ya kayar da shi a gonarsa ta Kangire. Allah ya tashi kafaɗunsa, ƙafafun suka dawo har yana tafiya da sanda, amma hannun dama ya saki, harshe kuma ya yi nauyi. Abin da ya fi damun mu ba hannun ba ne, shirun da ya shiga ne. Yana iya magana, sai dai ba ya son a ce masa, "Me ka ce, Baba?" Da an tambaye shi haka sai ya kau da kai, ya ja bakinsa ya rufe. Mutumin da in yana tuƙi ba ya barin fasinja ya yi gyangyaɗi saboda hira, ya koma zaman tabarma a rumfa, daga carbi sai kallon bango.

Ni ne babba, don haka motar ta dawo hannuna. Malamin makaranta ne ni. Na iya tuƙi, na san a duba ruwan lagireto, a zare sanda a auna baƙin mai, iyakar sanina ke nan. Ƙannena maza suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, tunda ko kayan gyaranta yanzu sai an sha wuya. Inna ta ce ba da ranta ba.

Ranar da kazar ta tona asiri, na durƙusa gaban Baba na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, mota tana zubar da baƙin mai."

Ban sa ran amsa ba. Sai na ga ya ɗago kai, ya ajiye carbin a cinya.

"Gaba ko baya?"

Maganar ta fito a daƙile, amma na gane ta. Na ce ban sani ba. Ya dube ni irin kallon da yake yi min ina yaro in na dawo daga aike ban kawo abin da aka aike ni ba. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, sai ya ce, "Kai wannan, nemo kwali."

Na samo kwali mai faɗi na shimfiɗa a ƙarƙashin motar kamar yadda ya nuna. Washegari muka ga tabo ya taru ta wajen bayan inji. Baba ya sa aka jawo masa kujera har gaban motar. Ya ce wurin da mai ya ɗiga ba nan ne wurin da ya fito ba, mai yana bin jikin ƙarfe ya yi tafiya kafin ya faɗo, in kuma iska ta kaɗa shi a hanya sai ya shafe ko'ina. Wannan bayanin ya ɗauke shi lokaci, ni kuwa na daure ban ce "me ka ce" ba ko sau ɗaya. In kalma ta ɓace min, sai in dubi Inna, ita ta fi kowa gane harshensa, ta faɗa min a hankali kamar ita ce take tunanin abin.

Ya sa na wanke injin tas da kananzir, na bi da ruwan sabulu, muka bar shi ya bushe. Sannan ya ce Inna ta kawo toka da rariya. Inna ta ce, "Malam, tuwo za mu tuƙa wa motar?" Bai kula ta ba. Na tankaɗa tokar a bayan injin da gefensa har ya yi fari fat, na shiga ƙasa na watsa wa cikinsa, sannan na tayar da motar muka bar ta tana aiki. Can sai ga wani siririn baƙin layi ya keto farar tokar daga sama, daga bakin murfin inji. Gaskit ɗin murfin ne ya mutu, wato 'yar shimfiɗar da ke toshe bakinsa. Wannan ban sha wuyar samunsa ba, kuma da hannuna na canza shi, Baba yana nuna min notin da zan fara ɗaurewa da bakin sandarsa. Na yi murna ƙwarai, na ce an gama.

Ba a gama ba. Ɗigon ya ragu, amma bai tsaya ba. Muka sake wanka da toka, wannan karon sama ta zauna fara, sai can ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giyabos, mai yana taruwa kamar hawaye yana faɗowa. Baba ya ce in lakato masa da yatsa. Ya shinshina, ya murza.

"Na inji ne," ya ce. "Man giya wari gare shi."

Sai ya faɗi wata kalma da ni da Inna duk muka kasa kamawa. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, ga mamakina bai yi fushi ba. Daga ƙarshe ya haɗa babban yatsa da manuni na hannun hagu ya yi zobe, na ce, "Oyil sil?" Ya gyaɗa kai. Ya fahimtar da ni cewa wani zoben roba ne da ke rungume da ƙarfen da yake juyawa a ƙarshen inji, aikinsa ya hana mai fita. In ya tsufa sai ya bushe ya saki. Zoben ƙarami ne, amma kafin a kai gare shi sai an sauke injin gaba ɗaya. Ya ce mutum ɗaya ne zai taɓa masa wannan aikin, amininsa na Gwaram, wanda muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Muna shirin zuwa Gwaram, makaranta ta shiga hutu, sai aka aiko daga Dingaya cewa mijin yayar Inna ya rasu. Ba a jinkirta ta'aziyya saboda mota. Baba ya ce in cika mata mai, in riƙe galan a baya, in tafi a hankali. Muna shirin fita sai muka gan shi ya fito da babbar riga da hula, yana dogara sanda. Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa wuce masallacin unguwa ba. Inna ta koma ɗaki ta ɗauko masa matashi.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi a kowane gefe. A kan kwalta motar ba ta nuna komai ba. Da muka sauka hanyar ƙasa muka tsallake wani rafi, muka fara hawan tudun da ke bayansa, sai na ji inji yana ta ruri amma motar ba ta gaba. Na ƙara taka totur, rurin ya ƙaru, wani ƙauri ya cika cikin motar.

"Kashe!" in ji Baba. Wannan kalmar ta fito sarai. "Mai ya shiga kuloci."

Na ja birki, na fito na sa duwatsu a bayan tayoyi. Rana ta take, ga tsoho marar lafiya, ga Inna, ga ba kowa a hanyar. Ina tsaye ina tunanin ko in taka da ƙafa in nemo babur, sai ga wani magidanci ya ɓullo daga cikin gonaki da amalanken shanu, ya ɗoro harawa. Ya yi sallama, ya leƙa ya gaida Baba da Inna, ya tambayi inda muka nufa. Da ya ji gidan rasuwa ne, bai ƙara tambayar komai ba. Ya kwance bijimansa biyu daga amalanken, ya bar ta nan gefen hanya da kayanta, ya ɗaura igiya a gaban motar.

Haka muka shiga Dingaya, ina riƙe da sitiyari, shanu suna jan mu, mai shanun yana tafe a gefe yana yi musu magana. Maza suna zaune a ƙofar gidan rasuwar a kan tabarmi, na ga wasu suna sunkuyar da kai, wasu suna rufe baki da hannun riga. Inna ta ba ni labari daga baya cewa da mata suka kai wa yayarta labarin yadda muka iso, matar da tun ranar rasuwar ba ta ɗaga kai ba ta yi dariya har da share ido, ta ce da marigayin yana nan da ya samu abin tsokanar Baba har ƙarshen rayuwarsa. Mai shanun kuwa ya zauna aka yi addu'a tare da shi, ya tashi ya kora bijimansa. Na bi shi ina godiya, ya ce, "Haba Malam, hanya ce ta haɗa mu. Ku dai sa ni a addu'a." Har yau ina sa shi.

Washegari wata a-kori-kura mai kai hatsi ta ja mu zuwa Gwaram. Garejin Kawu yana nan inda na san shi, a ƙarƙashin manyan bishiyoyin darbejiya, sai dai yanzu babura ne suka cika shi, babban ɗansa ne yake riƙe da wurin. Kawu yana zaune a kan benci, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. Ya daɗe yana kallon motar kafin ya dubi wanda ke ciki. Shi Babarbare ne, mahaifiyar Baba kuwa Bafulatana, don haka tun suna samari wasa ne tsakaninsu.

"Wa nake gani kamar bawana?" in ji Kawu da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "An ce min ka mutu, na ce ƙarya ne, ban ba ka izini ba."

Baba ya ba shi amsa, Kawu bai ji ba, ya juyo gare ni. "Me ya ce?"

Na san abin da wannan tambayar take yi wa Baba. Na ce, "Kawu, cewa ya yi ya zo ya ga ko har yanzu kana ɓata wa mutane motoci."

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya, ya kama hannun Baba na dama, wanda ya saki, ya riƙe shi da hannu biyu. Tun ciwon ba su haɗu ba, shi ba ya iya doguwar tafiya, Baba kuma ba ya fita.

Na yi niyyar mayar da su gida a motar haya in dawo ni kaɗai. Baba ya ce Inna ta tafi, shi yana nan sai an gama. Aka gyara masa ɗaki a gidan Kawu, ni ma na zauna. Aikina ya zama biyu: in riƙe sufana, in kuma yi tafinta tsakanin mai nauyin harshe da mai nauyin kunne. Ba a jima ba suka daina buƙatata a na biyun. Kawu ya koma kallon bakin Baba, Baba ya koma ɗaga murya yana haɗawa da hannu, in abin ya gagara sai ya zana a ƙasa da sanda. Kawu yana iya cewa "me ka ce" sau nawa ya ga dama, Baba sai dai ya ce masa kurman banza, ya maimaita.

Ni da ɗan Kawu muka kwance duk abin da ya riƙe injin, muka rataya sarƙa a wani ƙaton reshe muka ɗago shi. Da aka cire kuloci, farantin ya jiƙe sharkaf da mai, ya ƙone ta gefe. Aka kwance faifan ƙarfen da ke bayansa, sai ga zoben. Kawu ya zaƙulo shi da sukuddireba ya ɗora min a tafin hannu. Ya bushe ya yi tauri kamar ƙanzo, leɓensa duk ya tsattsage. Na tsaya ina juya shi, ina mamakin yadda wannan ɗan abin ya sa shanu suka ja mu.

Kawu ya ce tsufa ne kawai. Baba ya girgiza kai, ya ce tsufa da wani abu. Suka yi ta musu, har Baba ya miƙe ya dogara zuwa inda injin yake rataye, ya nuna wani bututu da ke gefensa, wanda inji yake fitar da hucinsa ta ciki. Ya ce a cire a busa. Ɗan Kawu ya cire ya busa, iska ta ƙi wucewa. Ya zura waya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, lokacin da motar ta daɗe a ajiye Baba yana kwance. Hucin da ya rasa hanyar fita shi ya riƙa tura mai ta wurin da ya fi rauni. Da an sa sabon zobe ba a buɗe bututun ba, da shi ma bai daɗe ba.

"To," in ji Kawu, "yau ɗaya dai Bafulatani ya yi gaskiya. A rubuta."

Ba a samu zoben a Gwaram ba, ba a samu a Birnin Kudu ba, sai da na tafi Kano. Baba ya ce kada in yarda da bakin mai shago, in tafi da tsohon in gwada da sabon, baki da baki. Na naɗe shi a takarda na sa a aljihun farar rigata, man ya huda takardar, na yini ina yawo a kasuwar 'yan kayan mota da baƙin tambari a ƙirji. Shago bayan shago ana ce min an daina kawowa. Wani dattijo a can ƙuryar layi ya karɓi tsohon ya juya shi, ya tambaye ni ko motar tana tafiya har yanzu. Na ce tana tafiya. Ya ce, "Masha Allah," ya hau tsani ya sauko da shi a cikin ledarsa, tare da farantin kuloci.

Ranar sawa, Kawu ya shafa ƙarshen ƙarfen da yatsa ya nuna min wani siririn zane da tsohon zoben ya ci a jikinsa saboda daɗewa. Ya ce sabon kada ya zauna daidai kan zanen, a ɗan ƙara tura shi ciki. Sai dai hannun Kawu yana rawa, Baba hannu ɗaya gare shi, ɗan Kawu kuma ya ce shi wannan aikin a gaban tsofaffin nan ba zai taɓa ba, ya san bakinsu. Aka miƙo min guduma da guntun katako. Na shafa wa leɓen zoben mai da yatsa, na saita shi, na fara bugawa kaɗan kaɗan ina zagayawa.

"A hankali, ba sakwara kake daka ba!" in ji Kawu.

"Hagu," in ji Baba. "Hagu ya tashi."

Gumi yana shiga min ido, kawuna biyu masu furfura suna kan kafaɗata. Da zoben ya zauna daram, Baba ya zagaya shi da babban yatsansa na hagu, ya dube ni ya ce, "Ya yi." Na girma, na yi aure, ina da 'ya'ya, amma wannan kalmar sai da ta sa na juya baya na yi kamar ina neman tsumma.

Muka mayar da inji, aka zuba sabon mai, ta tashi bugu ɗaya. Muka bar ta ta yi zafi sosai, na shiga ƙasa na duba, wurin a bushe. Na zagaya gari da ita na dawo na sake dubawa, a bushe. Baba ya ce gwajin gaskiya sai doguwar hanya, kuma gobe kasuwar Basirka take ci. Kawu ya ce ƙafarsa ƙafarmu.

A tashar Basirka tsofaffin direbobi da 'yan kamasho suka gane motar tun kafin su gane mai ita. Aka kewaye mu, aka kawo benci da fura, Baba ya zauna a tsakiya ana ta tuna masa tafiye-tafiyen da. Da la'asar muka kamo hanya. Muna wuce filin Idi a bayan gari, ba kowa a ciki sai awaki, Baba ya taɓa ni ya ce in shiga. Na shiga na tsaya. Ya buɗe ƙofa, ya zagayo ta ɓangarena ya tsaya yana kallona. Na gane. Na matsa gefe, ya zauna, ya kama sitiyari da hannun hagu.

"Ni zan taka," ya ce. "Kai ka sa giya."

Ya taka kuloci, na miƙa hannu na sa ta ɗaya, ya saki a hankali yadda ko ruwa ne a kofi ba zai zube ba. Muka zagaya filin, ya ce, "Biyu," na sa ta biyu. Kawu yana baya ya riƙe kujera yana salati da ƙarfi, yana cewa duk hatsarin duniya ya tsallake sai ga shi zai ƙare a hannun Bafulatani mai hannu ɗaya. Baba yana dariya har kafaɗarsa tana girgiza. Da ya gaji ya tsayar da ita da kansa, ya daɗe zaune da hannunsa a kan sitiyarin kafin ya ba ni wuri.

Kawu ya rasu da bazarar da ta biyo baya, bayan gajeriyar jinya. Motar ce ta kai mu jana'izarsa, Baba yana gaba kusa da ni. Ina yawan tunanin cewa da zoben nan bai tsage ba, da wataƙila ranar ce kaɗai za ta kai Baba Gwaram, ya tsaya a kan kabarin amininsa ba tare da sun sake zama benci ɗaya ba. Allah ya ba su waɗannan kwanakin, ni ma ya ba ni, kuma ban san yadda zan gode masa ba sai dai in yi ta ba da labarin.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta yi wa Kawu addu'a a hankali, ina amsawa da amin. Mun kusa shiga Birnin Kudu, duwatsun garin sun fara bayyana, sai ya yi shiru ya karkata kai yana saurare.

"Kai wannan," ya ce, "fulogi ɗaya ba ya ci sosai. Ba ka ji ba?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba, na kuwa faɗa masa gaskiya.

"Rage gudu," ya ce. "Saurara da kyau."